Ya Fito Daga Cikin Kifin Kuwa?

Sa'adiya ta ɗaga takardar farko wajen hasken taga, ta karanta kanta sau biyu a zuci, sannan ta juyo ta dubi uwarta da irin kallon da ake yi wa wanda ya fito kasuwa da riga a bai-bai.

"Ummi, wa ya ce miki Yunus ne? Nan Yunan aka rubuta."

Ɗaso na tsaye a bakin ƙofa da kwanon kunu a hannu, tana haki, don hawa benen nan ya fara fin ƙarfin gwiwarta. Ta ce, "Yunan, Yunus, ai duk ɗaya ne. Ku 'ya'yan Makka kun iya lanƙwasa suna."

"La wallahi, ba ɗaya ba ne. Yunus Annabi ne, alaihis salam. Yunan kuwa ƙasa ce, can ƙetaren teku, gaba da Masar. Mutanen da ne waɗannan, tun kafin Annabi Isa. Gumaka ma aka ce suna bauta wa."

Malam Hashimu, mai takardun, yana kwance bisa gadon igiya tun da ciwon ƙirji ya kayar da shi bayan watsewar alhazai. Shi ya roƙa a jawo masa adakarsa daga ƙarƙashin gado a jera masa shafukan, don yanar ido ta riga ta rufe masa gani. Ya juyo da kansa wajen muryoyin, ya ce, "Mi ya faru, ɗiyata?"

Abin da ya faru kuwa ya faru ne tun shekara ashirin da ɗoriya. Ɗaso Bakanuwa ce. Ita da mijinta Wada suka tako ta Sudan suka sauke farali, suka zauna a unguwar Misfala suna tara guzurin komawa, sai Allah ya karɓi Wada ya bar ta da goyo. Ta kafa kaskon ƙosai da tukunyar kunu a gindin wani tsohon gida mai hawa uku, da su ta raini Sa'adiya har ta aurar da ita. A ɗakin ƙarshe na gidan, dab da saman soro, akwai wani siririn malami mutumin Yawuri, ba mata ba ɗa. In lokacin Hajji ya zo yakan rubuta wa alhazai wasiƙun gida ya sami na cefane. Sauran watannin sai ya shige cikin masu sayar da littattafai na ƙofar Harami ya yini yana karatun tsaye, ya dawo ya duƙufa kan rubutu, cikinsa na kuka har makwabta su ji.

Wata safiya ya sauko sayen kunu da tawada a yatsunsa, ta ce, "Malam, wai me kake ta rubutawa haka?" Ya amsa mata daidai lokacin da wani ɗan ga-ruwa ya saki garwa biyu a kan dutse. Shi dai ya ce labarin wani mutumin Yunan. Ita kuwa Yunus ya shiga kunnenta, ya sami wuri ya zauna.

Tun daga ranar ba ta sake karɓar ko sisinsa ba. Kullum safiya ta hau da kwano, ta tsaya daga bakin ƙofa kamar yadda ya kamata, ta miƙa, ta ce, "Malam, ya fito daga cikin kifin kuwa?" Shi kuma ya yi murmushi ya ce, "Da saura, Hajiya Ɗaso, da saura." Iyakar hirarsu ke nan. Ta sauko zuciyarta fari fat, tana jin cewa ko ba ta san alif ba, da kununta ake rubuta tarihin Annabin Allah. Babu macen Misfala da ba ta ji wannan labari daga bakinta ba. Da Sa'adiya ta haifi ɗan fari ma, Ɗaso ce ta kafe sai an sa masa Yunus.

Yanzu ga shi 'yar da ta haifa da cikinta ta rushe mata ginin da magana ɗaya.

"Malam," in ji Ɗaso, "ashe ba labarin Annabi Yunus kake rubutawa ba?"

Sai kafaɗun Malam suka fara girgiza. Dariya ce ta kama shi, irin wadda ba ta da sauti, har ta rikiɗe ta zama tari, Sa'adiya ta ruga ta ba shi ruwa.

"Kifin nan!" ya ce da ya samu numfashi. "Ni na aza ba'a kike mini irin taku ta Kanawa. Na aza littafin kike nufi, wai ya maƙale ya ƙi fitowa."

"Kai kuma kullum ka ce da saura! Ni ina ta cewa lalle Malam ya zurfafa, shekara da shekaru yana wuri ɗaya."

"To ai da sauran, Hajiya."

Ita abin bai ba ta dariya ba ko kaɗan. Ta dire kwanon a bakin ƙofa har kunun ya fantsalo, ta juya ta sauka, ko sallama babu.

Washegari ba ta hau ba. Ta zauna gaban kaskonta tana sakin ƙullu cikin mai da haushi, ƙosan ma ya fito a murtuke. Rana ta fito da zafinta na bayan Hajji, lungun ya yi tsit, ba ka jin komai sai rugugin manyan motoci can wajen Harami inda ake rushe gidaje ana faɗaɗa masallaci. Kunya na cinta, gaskiya ne, don ta san in matan unguwa suka ji sai sun yi shekara suna kiran ta uwar kifi. Amma abin da ya fi ci mata rai ba shi ba ne. Ɗaso ba ta da gida a Kano, ba ta da takardar zama a Makka, ba ta da karatu. Abu ɗaya ta san ta tura gaba, shi ne ladan kunun nan. Da shi take kwana da shi take tashi. In ta tuna kabari sai ta tuna kwanon, hankalinta ya kwanta. Yanzu an ce mata arna ta yi ta yi wa hidima.

Kunun Malam kuwa ta zuba shi a kwanonsa na biyu tun da asuba, bisa sabo, ta rufe da faifai. Yana nan gefenta yana hucewa, tana hararar sa. Daga can sama tarin tsohon na saukowa ta taga, a hankali, kamar mai neman izini.

Da la'asar ta yi, ta aika aka kira Sa'adiya. "Taso ki raka ni in karɓo kwanona. Ba don komai zan hau ba."

"Ɗayyib, to, Ummi," in ji Sa'adiya, tana kallon kunun da uwar ta ɗumama ta riƙo.

Suka tarar da kwanon jiya an lashe shi tas. Ɗaso ta zauna a dokin ƙofa, abin da ba ta taɓa yi ba, ta gyara mayafi.

"Malam, tambaya na zo yi, kuma ka ji tsoron Allah ka gaya mini gaskiya. Ladana fa? Ya zube ke nan?"

Malam ya shafa gemunsa da hannun da ya zama ƙashi da fata.

"Hajiya Ɗaso, lada ba ni ke rabon ta ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Wanga mutum da nike rubutawa, ban san inda Allah ya ajiye shi ba, hukuncinsa na wurin Mai shi. Abin da na sani ɗaya ne. Sunan kika ji ba daidai ba, amma yunwar da kika tarar a ɗakin nan ta gaske ce."

Ɗaso ta sunkuyar da kai. Maganar ta shige ta, amma ba ta so a gane da wuri. Ta ce, "To shi wannan ɗin, da ya ci mini kunu shekara ashirin, me ya yi a duniya? Ai ko ba komai na san wanda na ciyar."

Fuskar tsohon ta washe kamar an ce masa ga Yawuri a bayan ƙofa. Tun da ya fara rubutun nan babu wanda ya taɓa tambayar sa wannan. Larabawa suna da nasu littattafan. Shi da Hausa ya rubuta, cikin ajami, don mutanen gida, mutanen gida kuwa in sun zo Makka ba labarin Yunan ya kawo su ba.

"Ɗiyata, ɗauko daga farko ki karanta muna."

Nan fa aka yi ta. Sa'adiya ta san baƙaƙe sarai, ta yi makarantar allo ta mata a unguwar Jarwal, amma Hausarta ta Makka ce, rabi Larabci. Sai ta haɗa baƙi ta furta wani abu da ba Hausa ba ba Larabci ba. Ɗaso kuwa ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma kunnenta na Kano ne.

"Ra... ji... ya," in ji Sa'adiya.

"Rijiya, ke! Rijiya. Ci gaba."

"A cikin garin akwai rijiya mai zar... zarafi?"

"Mai zurfi. Wai ku me kuke ci ne a garin nan?"

"Ma'alesh, yi haƙuri, Ummi, rubutun Baba Malam ne ƙanana."

Haka suka yi ta ja, ɗiya na tono kalma, uwa na wanke ta, Malam na kwance ido rufe yana jin littafinsa a bakin mutane karo na farko. Sunan mutumin ya gagari Ɗaso. Ta gwada sau biyu harshenta ya harɗe, ta ce wannan ba suna ba ne, rawani ne, ita Mai Rijiya za ta kira shi. Malam ya ce ya yarda.

Labarin dai shi ne, Mai Rijiya Bayunane ne da ya zauna a Masar yana kula da wani babban gidan littattafai a bakin teku. Sai ya ji labarin wata rijiya can kudu, wadda rana ɗaya a shekara, da tsakar rana, hasken rana ke sauka har gindinta, ba inuwa ko ta bakin allura. Shi kuma a garinsa, a wannan ranar da wannan lokacin, in ya kafa sanda sai ya ga 'yar inuwa ta rage. Daga wannan 'yar inuwa da nisan da ke tsakanin garuruwan biyu ya zauna ya lissafa girman duniya, bai taka ko'ina ba.

"Da sanda?" in ji Ɗaso.

"Da sanda da inuwa."

"Mu da muka tako ta da ƙafa ai da ya tambaye mu." Ta yi tsaki, amma ta matso da zamanta. "Shi ya sa duk shekara nake ganin ka a saman soro da sanda cikin rana tsaka? Ni na ɗauka wani wuridi ne."

"Makka ma tana da irin ranar, Hajiya, har sau biyu a shekara. Rana ta tsaya bisa Ka'aba cak, inuwar kowa ta shige ƙarƙashinsa. Ta farko ta wuce ina kwance. Ta biyu na nan tafe cikin zafin nan." Ya yi ɗan murmushi. "Ko da idon bai gani, ina son in ji ta a tsakar kaina."

Kwanakin da suka biyo baya, da Ɗaso ta kife kasko sai ta hau, Sa'adiya ta biyo ta. Suka bi Mai Rijiya tun yana yaro har ya yi suna, suka bi abin da ya rubuta kan taurari da kan ƙasashe da koguna, wanda Malam ya ce yawancinsa ya ɓace, sai gutsattsari a bakin waɗansu. Ɗaso ta fara sa baki a al'amuransa kamar ɗan unguwa. In abokan zamaninsa sun yi masa ba'a, ta ce hassada ce. Wata rana suka iso shafin ƙarshe, inda rubutun ya karkace don idon Malam ya fara tafiya a lokacin.

"An ce da ya tsufa sai ya ma... makance," Sa'adiya ta karanta. "Da ya ga ba ya iya karatu, sai ya daina cin abinci, har ya mutu." Ta juya takardar. "Halas. Nan ya tsaya."

Ɗaso ta saki baki. "Ya daina cin abinci? Aka zuba masa ido?"

"Haka aka ruwaito," in ji Malam.

"Shi ba shi da maƙwabta ne?"

Malam ya karanta duk abin da hannunsa ya kai a kan mutumin nan, bai taɓa cin karo da wannan tambaya ba. Ya ce a hankali, "Littattafai ba su faɗi ba."

"Ai ba za su faɗa ba, kunya ta hana su. Mutum ya auna muku duniya, a rasa mai hawa da kwanon kunu! Tir." Ta share ido da bakin mayafi, don da gaske abin ya ba ta tausayi. Sannan ta dubi tsohon da ke kwance, makaho shi ma, ga littafinsa jibge a gefe. "Malam, me kake marmari? Faɗi."

Ya ce, kamar mai jin nauyi, "Kifi."

"Kifi?"

"Hajiya, ni ɗan masunta ne. A bakin Kwara aka yanke mini cibi. Kin kawo mini waina, kin kawo ɗanwake, da Salla har nama, amma kifi ko sau ɗaya. Na aza ba ki cin sa ne, na yi shiru."

Ɗaso ta dafe kai da hannu biyu. "Ni da nake kaffa-kaffa! Na ce mutum na rubuta Annabi Yunus a cikin kifi, ina ni ina kawo masa kifi a kwano? Ai rashin ladabi ne."

Wannan karon su uku suka yi dariyar, har mai ɗakin ƙasa ya leƙo ya ga ko lafiya.

Da sassafe ta bar wa wata maƙwabciya kaskon, ta tafi kasuwa inda motar Jidda ke sauke kifi cikin ƙanƙara. Ta zaɓi mai tsoka, ta yi ciniki kamar za a yi faɗa, ta dawo ta yi farfesu da tsamiya da 'yar daddawar da wata alhajiya ta bar mata, wadda take ɓoyo kamar zinariya. Ƙanshin ya riga ta hawa benen. Sa'adiya ta tayar da Malam ta jingina shi da bango, Ɗaso ta cire ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya. Bai ci da yawa ba, loma kaɗan ce da romo. Amma ya daɗe yana tsotsar kan kifin, irin tsotsar da sai ɗan bakin ruwa ya iya.

"Na teku ne," ya ce, "bai kai namu ba. Amma Allah shi yi miki albarka, Hajiya Ɗaso."

"Ka ji shi, har da tsegumi." Ta karɓi kwanon. A bakin ƙofa ta tsaya, bakinta ya riga ta, "To Malam, ya fito daga cikin kifin kuwa?"

"Ya fito," in ji Malam. "Ku kuka fito da shi."

Bai kai ranar da yake jira ba. Wata safiya, ya sha kununsa, ya ce a buɗe masa taga, ya yi kalmar shahada a bakinsa ba wanda ya tuna masa, ya juya fuska kamar mai barcin hantsi. Kafin azahar mazan lungun, 'yan ga-ruwa da masu ɗinki da mijin Sa'adiya, suka sauko da shi ta matsattsen benen nan, suka kai shi Harami aka yi masa salla, suka wuce da shi maƙabartar Ma'ala. Ɗaso ta tsaya gindin kaskonta tana kallon makarar har ta sha kwana. Ta yi kuka, amma ba mai ɗaci ba. Mutum ya mutu a Makka, cikinsa da ɗumi, an karanta masa littafinsa, ita ba ta ga abin da ya rage masa ba. Adakar takardun ta sa aka sauko da ita ɗakinta, ta ɗora tabarmar sallarta a kai. Matan unguwa sun ji labarin kifin, sun kuma yi dariyar da ta yi tsoro, ta taya su.

Bayan haka kullum in rana ta kusa tsakiya sai ta hau saman soro, tana hutawa a kowane hawa. Sandar Malam an ba wani tsoho sadaka, don haka muciyarta ta kafa cikin gwangwanin yashi. Jiya inuwar ta kai ɗan yatsa, yau ta kai farce. Sa'adiya ta ce zafin nan zai kashe ta, ta ce a bar ta.

Ran nan sama ta yi fari, dutsen soron na ƙona tafin ƙafa, tantabarun Harami duk sun nemi maɓoya. Ɗaso ta tsuguna, ta ja mayafi ta kare ido. 'Yar inuwar ta yi ta matsowa gindin muciyar, ta yi ta matsowa, har ta shige. Ladan ya ɗaga murya daga Harami. Ta duba gabanta, ta duba bayanta, ita ma tata babu. Sai ta zame mayafin kaɗan daga tsakar kanta, ta zauna nan kusa da muciyar har inuwar ta leƙo ta ɗaya gefen.